Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Jama'ar Sabo,

Alhamdu lillahi, yanzu 'ya'yanmu sun yawaita a Jami'ar Ibadan da Poli. Amma mu da ke zaune a kasuwa, kuma muke jan salla wani lokaci, muna ganin yadda suke dawowa hutu: wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa.

In ka zauna da su za ka ji lissafin da suke kira 0-1-0, wato babu karin kumallo, babu na dare, sai garin kwaki da rana. Lokacin jarrabawa kuma su kwana karatu da kofi da goro. Zazzaɓi ya kama yaro, ya sayi farasitamol a kemis ya shiga aji. To, ina kai zai ɗauki karatu? Ga gyambon ciki, ga damuwar kuɗin haya. Kwas guda in ya faɗi, sai ya maimaita shi baɗi, makinsa ya sauka, wani ma a sallame shi.

Iyaye, kafin tambayar sakamako, a tambayi abin da yaro ya ci yau. Masu zuwa wajen Agbowo, ku riƙa masa ɗan wake da shinkafa. Ku kuma ɗalibai, asibitin Jaja na cikin jami'a naku ne, ku yi rajista tun kuna da lafiya.

Mun kawo shawara gaban dattawan masallaci: a ware wani abu daga zakka saboda ɗalibanmu mabuƙata, musamman marayu. Mai hali ya same mu bayan Juma'a.

Allah Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani.