Gada ɗaya tsakanin Gaya da Malanbil

Nijar ba ta da teku, kuma mu da ke zaune a Zongon Kwatano mun fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Shinkafar da ake ci a Yamai, da magani, da tsofaffin motoci, shekara da shekaru yawancinsu a tashar jiragen ruwa ta nan ake sauke su, sannan su yi tafiyar kilomita wajen 1,000 a kan kamyo. Dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga bakin teku a Paraku ya tsaya, bai kai kogin Kwara ba. Daga nan sai kwalta, ita kuma dole ta bi ta kan gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya.

Ni albasa nake saukewa daga Galmi, mahaifiyata kuma tana Doso. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe gadar nan. Motoci suka yi layi a Malanbil makonni, albasa kuwa ba ta san jira ba, wallahi sai da hanci ya gaya wa kowa. Kayan Nijar suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga. Hanya ta yi nisa, kuɗin mota ya hau, tsohuwa a Doso ita ce ta biya a farashin tiyar shinkafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Benin ma ta ji jiki. Masu dako, direbobi, 'yan kamasho, mata masu tuwo a bakin tasha, duk da kayan Nijar suke ci. Shi ya sa da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, sai Yamai ta ce a'a, tana zargin akwai sojojin Faransa a ƙasar. Shugaba Talon ya rama a watan Mayu, ya hana loda man Agadem, wanda ke gangarowa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme. Sai da 'yan Sin, masu kuɗin bututun, suka shiga tsakani. To kun ji, kowa ya riƙe wuyan ɗan'uwansa, kuma ban ga wanda ya ci riba ba.

Mu kam sai kwalekwale. Ka sauka a Malanbil, ka biya masu jirgi, ka biya masu ɗauko buhu, ka sake neman mota a Gaya. Da na kai yara gaida kakarsu haka muka tsallaka, uwarsu ta rungume ƙaramin tana ta salati har muka taɓa gaci. Babban ya ɗaga kai ya ga gada lafiya lau a samanmu, babu ko mota ɗaya, ya ce, "Baba, ta lalace ne?" Mai tuƙin jirgin ne ya amsa masa, ya ce Allah ya sa kar a gyara ta bana, bai gama ginin ɗakinsa ba.