Daga Hamadar Arizona Zuwa Bakin Teku a Kan Tsohuwar Hanya ta 66

Mutanen Seligman, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Arizona ta Amurka, sun san ranar da kasuwarsu ta mutu. A watan Satumba na 1978 aka buɗe sabon titi mai lamba 40 a gefen garin, motocin da suka saba ratsa tsakiyarsa suka koma can a yini guda. Mai gidan mai, mai gidan abinci, mai faci, kowa ya yi tagumi. A 1985 kuma hukuma ta soke Hanya ta 66 daga jerin manyan titunan ƙasa baki ɗaya, hanyar da tun 1926 take haɗa Chicago da Los Angeles, tsawon kilomita kusan 3,900, ta cikin jihohi takwas.

Wani mai aski ne ya ƙi yarda. Angel Delgadillo ya tara mutanen garuruwan da aka bari a baya a 1987, suka kafa ƙungiya, suka matsa wa gwamnatin jiha har ta ayyana sashen da ya rage a matsayin hanyar tarihi. Yau shagon askinsa cike yake da baƙi, Jamusawa da Japanawa da Faransawa, suna sayen hula da riga. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba gwamna ne ya fara wannan aiki ba, ba attajiri ba. Daga ƙofar shagon nan muka kama hanya zuwa yamma, ni da wani abokina da ya daɗe a ƙasar.

Tsakanin Seligman da Kingman fili ne iya ganinka, sai jirgin kaya mai tarago fiye da ɗari da ke bin gefen titi yana tafe kamar ba zai ƙare ba. Raƙuma ne suka fara share wannan layi. A 1857 wani mai suna Edward Beale ya auna hanyar keken doki ta nan da raƙuman da sojan Amurka suka sayo daga Tunisiya da Masar da Turkiyya. Cikin masu jansu akwai Hadji Ali, wanda kabarinsa ke Quartzsite, can kudu, an gina shi da siffar dala, da raƙumin ƙarfe a samansa. Layin dogo ya biyo sawun raƙuman, kwalta ta biyo layin dogo.

Bayan Kingman sai hawa. Titin ya tsuke, ya shiga nannaɗe duwatsu baƙaƙe har mashigar Sitgreaves, kwana bayan kwana, rami a gefe, wani wurin babu ko shinge. Ana cewa direbobin da can sukan biya ’yan gari su haye musu da motar. Da na leƙa ƙasa ban ga laifinsu ba.

A gangaren ne Oatman take, garin masu haƙar zinariya. Da aka rufe ramukan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mahaƙa suka watse suka saki jakunansu a daji. Jikokin jakunan nan su ne masu garin yanzu. Da hantsi suke saukowa daga duwatsu, su tsaya tsakiyar titi, babu mai iya matsa musu. Doka ce ke kare su. An ce jaki ba ya wuce toka, to na Oatman ba sa wuce tagar mota. Ƙosassu ne, bayansu sumul, babu wanda ya taɓa sanin mangala.

Muka ƙetare kogin Colorado a Topock, muka shiga Kalifoniya. A Needles abokina ya cika tanki ya ƙaro ruwan sha. “Malam,” in ji shi, “daga nan ba a wasa da ruwa.” Hamadar Mojave ke nan. Masu gina layin dogo sun jera zango-zango inda jirgi mai tururi zai sha ruwa, suka raɗa musu suna bi da bi bisa jerin haruffa: Amboy, Bristol, Cadiz, Danby, Essex, Fenner, Goffs. Duk wanda ya ji labarin azalai tsakanin Agadas da Bilma ya san wannan lissafi, rijiya ce ke yanke tsawon tafiya. Akwai wani zango da ake kira Bagdad, inda aka yi kwana 767 a jere ba ɗigon ruwan sama tsakanin 1912 da 1914. Ko bango bai rage a wurin ba.

Ta nan talakawan Oklahoma da maƙwabtanta suka bi a shekarun 1930, bayan fari da guguwar ƙura sun cinye gonakinsu. Katifa a kan rufin mota, yara a baya, jakar ruwa rataye a gaban inji, da dare suke ratsa hamadar don kada motar ta tafasa. Ba maraba aka yi musu ba: a 1936 ’yan sandan Los Angeles sun je har kan iyakokin jihar suna mayar da marasa kuɗi. Baƙar fata kuwa nasa ya fi haka, don garuruwa da yawa a kan hanyar ba sa barinsa ya kwana. Shi ya sa Victor Green, wani ma’aikacin gidan waya, ya fara buga ɗan littafi a 1936 mai nuna inda baƙin mutum zai sami masauki da abinci. Kantunan tsaraba ba su cika kawo wannan zance ba, amma ya kamata a riƙa kawo shi.

Ambaliya ta lalata wasu tsofaffin gadojin katako, dole muka zagaya ta sabon titi kafin mu gangaro Amboy. Daga nesa ake hango dogon allon Roy’s, gidan mai da aka buɗe a 1938, daga baya aka ƙara masa masauki, ga baƙin tudun tsohon dutse mai aman wuta a gefe, ga farin filin gishiri. Albert Okura, mai gidajen sayar da gasasshiyar kaza, ya sayi garin ɗungurungum a 2005, ya sake buɗe famfon mai. Riba nawa za a samu a wurin da mazaunansa ba su cika ƙirgen yatsu ba? Amma ga shi an share, an yi fenti, fitilun allon suna kunnuwa da magariba.

Barstow da Victorville mun wuce su da sauri. A mashigar Cajon ƙasa ta sauya farat ɗaya: aka gangara, iska ta yi laushi, ga itatuwan dabino na ado, ga San Bernardino inda ’yan’uwan McDonald suka buɗe gidan abincin McDonald’s na farko a 1940. Daga nan sai gari bayan gari ba rata, fitilar hanya bayan fitilar hanya, Pasadena, sannan cunkoson Los Angeles wanda ya fi hamadar gajiyarwa.

A hukumance hanyar ta ƙare ne a mahaɗar titunan Lincoln da Olympic a Santa Monica da ke gefen Los Angeles, wurin da ba abin kallo. Mutane ba su gamsu da haka ba, sai a 2009 aka kafa allon ƙarshen hanya a kan gadar katakon da ta shiga cikin tekun Fasifik. Layi muka tarar ana jiran ɗaukar hoto a gindinsa, yawancinsu daga otal suka fito da silifa. Waɗanda suka ratso Mojave ba su da wuyar ganewa: leɓe a bushe, hannun da ke wajen taga ya ƙone. Muka bi layin, aka ɗauke mu, sannan muka tafi neman inda ake soya kifi.