Mabushin Amurka da Algaitar Mahaifina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai busa algaita ne. Wannan magana da na rubuta yanzu cikin layi guda, na yi shekara arba'in da ɗoriya ban iya furta ta gaban baƙo ba. Sa'ad da na bar ƙauyenmu na zo birni neman abinci, in aka tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma. Ba ƙarya na yi ɗungum ba, domin muna da gona, amma na san abin da na ke ɓoyewa. Kowa ya san yadda a ke duban mabusa a ƙasarmu: ran salla a yi musu kyauta, ran neman aure a ce sai an binciki asali. Ranar da zan tashi, Baba ya ɗauko algaitarsa ta biyu ya miƙo mini. Na ce, "Baba, inda za ni ba a bukatarta." Bai ce kome ba, ya mai da ita cikin jakarta.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki wani hoto ne. Ran nan jikana, wanda ba ya rabuwa da wayarsa, ya zauna kusa da ni, ya ce, "Tsoho, in ka gane wannan mutum na ba ka goro." Na duba, na ce, "Kai, ja'iri, wa zai kasa gane Sardauna?" Ya ce, "Na kusa da shi na ke nufi." Ya gaya mini sunansa Luwis Amstiron, baƙar fata ne na Amurka, an kuwa ɗauki hoton a Kaduna cikin 1960, shekarar samun mulkin kai. Na tambayi sarautarsa. Yaro ya yi dariya, ya ce ba shi da sarauta, busa ƙaho ya ke yi. Na ce, "Mabushi? Shi Firimiyan Jihar Arewa ya karɓa?" Tun daga ranar na shiga bin labarin mutumin nan, ga kuwa abin da na samo.

An haife shi cikin 1901 a Niyu Olins, wani birni na kudancin Amurka a bakin kogin Misisifi, shekara 36 kacal bayan an hana bauta a ƙasar. Uban ya watsar da su tun yana jariri. Ya tashi cikin unguwar matalauta, ya bar makaranta yana da shekara 11, ya riƙa waƙa a titi ana jefa masa kwabbai. Waɗansu Yahudawa masu sayen tarkace, iyalin Karnofski, suka ɗauke shi aiki, suna ba shi abinci, har suka ranta masa kuɗi ya sayi wani tsohon ƙahon tagulla.

Daren ƙarshe na shekarar 1912 ya ɗauki ƙaramar bindiga ya harba sama don murnar sabuwar shekara. Aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙe, ya yi wajen shekara ɗaya da rabi. Wani hani ga Allah baiwa ne, domin a can wani malami, Pita Debis, ya koya masa busa bisa ƙa'ida. Da ya fito, da rana ya tura alfadari yana raba kwal, da dare ya yi busa. Daga nan ya shiga jiragen ruwa masu yawo da mutane a kogi, inda ya ƙware a karatun alamun kiɗa. Cikin 1922 maigidansa, Jo Oliba, ya kira shi Shikago. Daga 1925 ya fara fid da fayafayai da sunan kansa, na irin kiɗan da su ke kira jaz, watau kiɗan da mabushi ke ƙago sabon salo nan take bisa tsohon take. Busa ta tsaga masa leɓe har ya yi tabo, bai bari ba. Cikin 1956 ya zo Akara ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, jama'a suka yi dafifi wajen taryarsa.

To, duk wannan ɗaukaka ce, ita kuwa rabo ce. Abubuwa biyu ne suka hana ni barci.

Na farko, shi ma an raina shi, har cikin danginsa. Waɗansu samarin baƙaƙe suka riƙa cewa ba abin da ya iya sai washe baki gaban Turawa don su ba shi kuɗi. Ka ji irin abin da na ke faɗa a zuci game da Baba. Sai ga shi cikin 1957, a garin Litil Rok, gwamnan jihar ya sa sojoji suka hana yara tara baƙaƙe shiga makarantar da doka ta ba su izinin shiga. Manyan mawaƙa da yawa suka kama bakinsu. Amstiron ya gaya wa wani ɗan jarida a fili cewa Shugaba Aizinhawa ya nuna rashin zuciya, ya kuma ce ya fasa tafiyar da a ke shirin tura shi Rasha da sunan gwamnati. Ya san abincinsa na hannun waɗanda maganar za ta ɓata wa rai, ya faɗa duk da haka.

Na biyu, mutumin nan da bai gama firamare ba bai yarda wani ya ba da labarinsa a madadinsa ba. Tun a Shikago ya sami keken rubutu. Duk inda ya sauka yana tafe da ƙamus cikin kayansa, in ya gama busa ya zauna ya rubuta wasiƙu. Cikin 1954 aka buga littafin da ya rubuta na ƙuruciyarsa a Niyu Olins, bai ɓoye talauci ba, bai ɓoye gidan horo ba. Cikin 1969, yana kwance asibiti, ya ɗauki alƙalami ya rubuta alherin da iyalin Karnofski suka yi masa shekara sittin baya. Ya mutu cikin 1971, gidansa na Niyu Yok kuwa an mai da shi wurin ajiye tarihinsa.

Jikana ya kunna mini wata busarsa ta 1928 mai suna West End Blues. Ƙahon ya tashi shi kaɗai, ya yi sama tamkar shaho, sa'an nan ya sauko a hankali. Da ta ƙare yaro ya dube ni, ya ce, "Tsoho, an ce mahaifinka ma mabushi ne. Ina tasa busar?" Na rasa amsa. Ba faifai, ba takarda, ba ɗan da ya gāda. Wanda ya kamata ya riƙe ta, shi ne ya ce ba a bukatarta.

Bayan kwana uku na sayi littafin rubutu, na hau mota zuwa ƙauye wurin gwaggona, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, labarin Baba na zo ji." Ta daɗe tana dubana, ta ce, "Sai yau?" Sa'an nan ta fara. Ta lissafa mini taken da ya kan busa wa kowane basarake, da wanda ya koya masa, da garuruwan da ya je. Ta ce wata shekara da aka yi fari, mai mulkin ƙasarmu na lokacin ya matsa wa talakawa kan haraji, har aka sayar da akuyar wata gwauruwa. Ran hawan salla aka nemi Baba aka rasa, yana gida ya rataye algaita. Aka aiko sau biyu, ya ce a gaya wa mai girma bakinsa ba ya iya busa yau. Shekarar nan ba riga, ba hatsi daga fada. Ta ce, "Kai kana goye, ba ka san da me aka yaye ka ba."

Na cika shafi goma sha ɗaya. Rubutuna ba kyau gare shi ba, hannu kuma yana rawa, amma yana karantuwa. Da zan tafi ta jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin gado, ta ce ya bar wasiyya a ajiye mini, ko na dawo.

Ba ni da numfashin koyon busa yanzu, kuma taken da suka tafi da Baba sun tafi. Amma algaitar tana rataye a zaurena, inda duk mai shigowa zai gan ta. Jiya wani baƙo ya nuna ta, ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce, "Ta mahaifina ce. Mabushi ne. Zauna in ba ka labarinsa."