Neman Azara a Garin Siminti

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Na sha kawo wannan karin magana a aji, ina rarraba sassanta ina yaba hikimarta, amma ban taɓa lura da cewa ta yi shiru a kan abu mafi wuya ba, wato yadda ake gane nagarin. Sai da na fara gini na lura. Fili ne ɗan madaidaici a wajajen Arkilla, na saye shi a 2017, ban sami ikon haƙa harsashi ba sai a 2021, kuma duk abin da ya shiga cikinsa daga albashi da adashe da bashin ƙungiyar ma'aikata ya fito. Wanda yake gini da irin wannan kuɗi ba shi da damar yin kuskure sau biyu.

Da farko na ɗauka Basakkwace ya fi kowa sa'a a wannan fanni. Kamfanin siminti na Kalambaina yana nan a bakin gari, yana aiki tun 1967, kuma farar ƙasar da ake ƙonawa a yi simintin a ƙarƙashin ƙafafunmu take. Yashi ga shi a gulbin Rima, motocin tifa suna ta jigila. Gaskiya kuwa siminti bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ake yi da shi bayan ya bar buhu, nan ne maganar take.

Bulon farko da na saya dubu ɗaya ne, daga wani gidan bulo da wani abokin aiki ya ce ya ji ana yabo. Aka sauke, aka jera, ya yi kyau a ido. Ruwan farko na watan Yuni ya zo da dare, da safe na tarar da layin sama ya zagwanye, kusurwoyin suna marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Mai bulon bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Cewa ya yi ai farashin da na biya, na wannan ne. Bayan wata biyu aka maimaita da rodi. Na sayi mai lamba 12 don ginshiƙai, birkilana ya ɗaga guda ɗaya ya girgiza kai, muka ari ma'auni wurin mai walda, sai ga shi da ƙyar ya wuce milimita 10. Da na koma shagon, yaron ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce: “Ai Malam sha biyu ka ce, ba ka ce cikakke ba.”

Na daɗe ina juya wannan amsa. Ga wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin ma'anar kalmomi, abin ya fi ƙarfin fushi kawai. Lamba, wadda muke ɗauka ita ce ƙarshen tabbas a harshe, ta tashi daga awo ta koma suna. A kasuwar kayan gini akwai sha biyu, akwai kuma sha biyu cikakke, kuma kowa a kasuwar ya san haka in ban da mai saye. Haka kwanon rufi yake: a rubuta kauri kaza a rasit, a ba ka wanda babban yatsa ke lotsawa. Yaron bai ga ya yi ƙarya ba, domin a harshensu bai yi ba. Ni ne na zo kasuwa ban iya yaren ba.

Inna ce ta ce in nemo dattijon da ya gyara zauren gidanmu na cikin gari muna yara. Na same shi ya tsufa, ya daina hawa gini, amma idonsa da hannunsa suna nan. Ranar da na kai shi filin, ya ɗauki ragowar bulon nan ya murza gefensa da yatsa, ya ce: “Ɗana, wanga ba bulo na ba, tuwon ƙasa na.” Daga nan ya shiga nuna mini abubuwan da ba wanda ya rubuta. Bulo, a ɗaga shi zuwa ƙirji a sake shi a kan ƙasa mai tauri, a kuma ƙwanƙwasa a saurari amonsa, sannan a tambayi kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa. Yashi, a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in laka ta kwanta da kauri a samansa to ba na filasta ba ne. Buhun siminti, a cusa hannu a ji ko ya fara dunƙulewa saboda daɗewa a sito mai danshi. Wayar lantarki ma, wadda ba ta cikin sana'ar da ya gada, ya koyi sirrinta a wurin jikansa: a kankare bakin wayar da wuƙa, in jan ya tafi fari ya bayyana, gorar ruwa ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma irinta ce ke zafi a cikin bango. Na ce, “Baba, ai duk wannan ya kamata a ce na sani.” Ya yi dariya ya ce: “Ku 'yan boko suna kunka sani.”

Bai faɗi ƙarya ba. Sunayen kam na san su, har waɗanda shi da kansa ya daina furtawa. Na san tubali da birji da makuba da laso, na san bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa da zanko da indararo. Wasu na gan su a ƙamus ɗin Bargery na 1934, wasu a littafin Moughtin na 1985 a kan ginin Hausawa. Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne cewa kusan kowane ɗaya daga cikin kayan ginin da yana da maƙwabci a bayansa. Laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo, haɗi ne na katsi daga karofin marina, da gashin jima daga wurin majema, da dafara daga daji. A garin da ya yi suna da jar akuya da jima kamar Sakkwato, gashin jima ba abin nema ba ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa take. Ƙasar gini daga kududdufin unguwa ake haƙo ta, kuma kowane magini ya san ramin da ƙasarsa ke da danƙo da wanda take tsagewa. Mai gida bai buƙaci ya iya gwaji ba, domin wanda ya sayar masa da katsi zai haɗu da shi a masallaci gobe da asuba, kuma in gini ya faɗi akwai Sarkin Magina da za a kai wa ƙara.

Ilimin ma yana da sanannen asali. Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ba da labarin masallacin da ya tarar Waziri Giɗaɗo yana ginawa, ya ce babban maginin mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar, ya bar masa takardun gini. Ke nan tun a wancan lokaci ba komai ne na gida ba, amma abin da ya zo daga nesa ta hannun mutum mai suna da uba ya zo.

Kada a ɗauka kukan zamanin da nake yi. Ginin laka yana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye gadar hanyar jami'a ta kuma narkar da gidajen ƙasa a ƙauyukan bakin gulbi, ba zai yi wa mai neman bulo gori ba. Ni ma da bulo na yi gidana.

Inda na fi shan wuya shi ne ƙananan kaya: kan famfo, makullai, marfin ƙofa, tayil, soket, tukunyar bayi. Galibinsu ba a Sakkwato ake yin su ba. Wasu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ake saro su, wasu daga Anaca ko Legas, wasu kuma ta Kwatano suke biyowa su shigo ta Ƙonni da Illela. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanya ya taɓa gidana. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma darajar naira ta faɗi a wannan shekarar, tayil ɗin da na shimfiɗa rabin falo da shi ya ɓace daga kasuwa. Har yau wanda ya dubi ƙasan falona da kyau zai ga launi biyu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, aiki ya tsaya wata huɗu.

A wannan kasuwa ƙasashe su ne darajoji. Ana cewa ɗan Italiya, ɗan Turkiyya, ɗan Indiya, ɗan Caina, kuma ba lalle sunan ya nuna inda aka ƙera abin ba, matsayinsa yake nunawa. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, na iya ɗauke da kaya iri uku. Wanda ya buɗe mini wannan wani ɗan kasuwa ne da Baba ya aike ni wurinsa da sallahu. Na nemi kawunan famfo guda shida, sai ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: “Alhaji, gidan na haya ne ko na zama?” Na ce na zama. Ya mayar da wanda ya fara ɗaukowa, ya shiga ciki ya fito da wani mai kama da shi sak, ya ɗora mini ɗaya a kowane tafi. Na dama ya ninka na hagu nauyi, domin tagulla ce zalla. Kuɗinsa ma ya ninka. Tambayar ta dame ni daga baya, don na yi shekara goma sha huɗu a gidan haya ina sauya kan famfo, ban san cewa da sunana aka ware wani nau'in kaya ba.

Da na tambaye shi waya, ya ce shi ba ya ajiye mai kyau, ya kwatanta mini shagon wani. Wancan kuma ya haɗa ni da kafintan da ya san katakon da ya bushe. A hankali na ga abin da nake bi ya yi kama da abin da malamanmu na zaure suka saba da shi a wani fage mai daraja fiye da wannan: ba a karɓar magana sai an san daga wa aka ji ta, shi kuma daga wa. Na daina tambayar ko kaya orijinal ne, tunda ba mai shagon da zai ce nasa jabu ne. Na koma tambayar wa ya aiko ni, wa kuma zai ji kunya in abin ya lalace.

Saura ɗakin Inna. Tun ana zanen gida ta ce ita ba za ta kwana ƙarƙashin kwano ba. Wanda ya san bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu kuma wutar lantarki ta ɗauke, ya san ba rigimar tsufa ba ce. Soro take so, rufin ƙasa a kan azara. Na ce mata an gama, ina ganin abu ne mai sauƙi. Ashe shi ne mafi wuya a duk ginin.

Sunan giginya ya cika garin nan: barikin soja, otal, filin wasa, duk don tunawa da wurin da aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Itaciyar ce ba a gani. Azarar kirki daga tsohon namijin giginya ake tsaga ta, kuma ɓarin waje mai duhu da tauri shi ne gara ba ta iya ci; cikin gungumen ɓargo ne kawai. Ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida, abin da ya sa magina suka ƙirƙiro baka da jera azara a kusurwa don faɗaɗa ɗaki. Baba ya ce a zamanin mahaifinsa daga yamma ake kawo mai kyau, daga ƙasar Dandi, wajajen Gaya, inda har yanzu dajin giginya yake amma sara sai da izinin hukuma. Abin da na samu a wurin masu sayar da itace fari ne, mara nauyi, an sare shi bai ƙosa ba. Baba ya soka masa farce ya ce ko akurki ba zai rufa da shi ba.

Wata uku muna nema. Ran nan bayan sallar la'asar jikansa ya kira ni ya ce in zo cikin gari maza. Magada ne suka sayar da wani tsohon gida, sabon mai shi yana rushewa zai yi shaguna, an tara azarar rufin a gefe ana ciniki da mai gidan burodi zai yi makamashi da ita. Na tarar da Baba zaune a kan tarin, ya hana kowa taɓawa. Baƙa ce wuluk saboda hayaƙin shekaru. Ya sa aka kawo ƙusa mai inci huɗu ya ce in buga. Na buga sau uku, ƙusar ta lanƙwashe. Ya shafa itacen ya ce: “Wagga ta girmi ubanka.” Na biya abin da mai burodi ya taya, na ƙara kaɗan, muka loda guda sittin da biyu a kura.

Baba bai hau ginin ba. Kujera aka ajiye masa a inuwa, yana nuni da sanda, birkilana da ya yi shekara ashirin yana aikin siminti yana karɓar umarni kamar sabon almajiri. Katsi ba mu samu ba, don karofin da ya sani duk an cike su, sai muka shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin ƙasar rufin muka shafe saman da siminti. Baba bai so haka ba, ya dai yi shiru.

Inna ta tare a Maris ɗin bara. Da azahar, lokacin da sauran gidan ke huci, jikokinta a ɗakinta suke taruwa, har ta fara ƙorafin sun hana ta ƙailula. Azara tara ta rage. Na yi niyyar ba wani abokina da ya nuna sha'awa, Baba ya aiko jikansa ya ce kada in kuskura, in ɗora su a kan duwatsu a rumfar baya, nesa da ƙasa, zauren wani masallacin unguwarsu ya fara lotsawa.