Ranar da Kwamfuta ta Ba Maras Lafiya Sifili

A zangon karatu na biyu, malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta kwamfuta ya ba mu aiki. Ya ce mu rubuta ɗan shiri wanda zai riƙe makin jarrabawar 'yan ajinmu, in an ba shi ɗalibi ya fito da makinsa. Ya raba mu rukuni huɗu, kowane rukuni da harshensa: Python, Java, JavaScript da C++. Mun zaci bambancin a rubutu kawai zai tsaya.

Dukan harsunan suna da wani ma'aji inda ake ajiye abubuwa biyu-biyu, mabuɗi da abin da yake buɗewa, kamar yadda kalma take tare da ma'anarta a ƙamus. Python ma dict take kiran nata, wato ƙamus a gajarce. Java tana da HashMap, C++ tana da map, JavaScript kuwa ta sami Map a 2015.

Kuskurenmu na farko shi ne mun yi mabuɗi da suna. Ashe akwai 'yan mata biyu masu suna ɗaya a ajin. Makin ta biyu ya hau kan na ta farko ya shafe shi, kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Daga ranar muka koma ga lambar shiga makaranta. Wajen jeri ma mun ɗan yi gardama. Python ta fito da lambobin yadda muka shigar da su, abin da ta tabbatar tun fitowar 3.7 a 2018. C++ ta jera su daga ƙarama zuwa babba. HashMap kuwa ba ta yi wa kowa alkawarin jeri ba.

Amma abin da ba za mu manta ba shi ne wannan. Wani ɗan ajinmu yana kwance a asibiti lokacin jarrabawa, don haka ba a shigar da komai a kansa ba. Malam ya ce kowane rukuni ya nemi lambarsa. Python ta tsaya cak, ta rubuta KeyError tare da lambar. Java ta ce null, JavaScript ta ce undefined, wato dai babu. C++ fa? Shiru-shiru ta ba shi sifili, har ta ƙara shi cikin ma'ajin kamar ya zauna ya rubuta. Da aka buga takarda, ga abokinmu shi ne na ƙarshe a aji, matsakaicin makin ajin ma ya sauka. Muka yi tsit. Da wannan takarda ta isa gida, wa zai gaya wa mahaifinsa cewa ɗansa bai faɗi ba?

A da mukan yi gunaguni cewa Python ta cika ƙorafi. Ran nan mun gode mata.

'Yan rukunin C++ sun gyara shirinsu da find, wanda yake fara duba ko lambar tana nan. Amma ba su yarda harshensu ya yi laifi ba. Sun ce don ƙidaya aka yi wannan hali, kuma suka nuna mana lokacin zaɓen shugabannin ƙungiya: kowane ɗan takara ya fara daga sifili da kansa, ƙuri'a tana faɗowa yana hawa. Nasu shirin ne ya fi gajarta a ranar.