Baƙo Da Ɗanyen Kifi A Birnin Gombe

Matafiyin da ya sauka Gombe ba ya sa ran cin ɗanyen kifi, domin birnin ba ya bakin kogi, teku kuwa tana can ɗaruruwan kilomita. Amma kimanin kilomita 40 gabas da garin, a kan hanyar Biu, akwai madatsar ruwa ta Dadin Kowa wadda aka gina a kan kogin Gongola. Daga wannan tafki ne masunta ke fitar da tarwaɗa da karfasa da kurungu, jefi-jefi har da giwan ruwa, fatake su ɗauko zuwa kasuwannin Gombe.

Alhazan da suka taɓa shiga kasuwar kifi ta Jidda, inda ake sayar da kamun Bahar Maliya, sun san ƙa'idar: mai son kifi sammako yake yi. Haka abin yake a Gombe. Kafin azahar zafin rana ya fara taɓa kayan, kuma kifi ba ya jiran mai dogon ciniki.

Baƙo yakan tarar da kifi iri biyu. Akwai na ƙanƙara, wanda jiragen ruwa ke kawowa Ikko daga ƙasashen waje, akwai kuma na tafki. Wanda ya zaɓi na tafki sai ya duba idonsa, ya ga garau yake. Ya ɗaga kunnensa, ya ga cikin ja wur. Ya danna tsokar da yatsa. In ramin bai cike ba, kifin ya kwana, kuma araharsa na iya ƙarewa a gadon asibiti. Tarwaɗa ta fi sauƙin sha'ani, don da ranta ake sayar da ita cikin baho.

A masauki, matan gida sukan cire yauƙinta da ruwan zafi ko toka, su wanke da lemun tsami. Sai a tafasa albasa da attarugu da citta da masoro da daddawa, sa'an nan a jera gunduwa-gunduwar a ciki. Ba a sa ludayi a juya, sai dai a girgiza tukunya, kada naman ya dagargaje. Cikin ɗan lokaci farfesu ya nuna.

Abu guda ya kamata baƙo ya kiyaye. Wani lokaci akan kasa 'yan ƙananan kifaye a tire da kuɗi kaɗan. Waɗannan raga mai ƙananan idanu ce ta kwaso su tun ba su kai ga yin ƙwai ba. Duk mai sayensu yana rage kamun baɗi, kuma masuntan Dadin Kowa da iyalansu ne za su fara ji a jikinsu. Gara mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki babba guda ɗaya, ya bar ƙananan su girma.