Wasiƙa daga Sheffield: Ni da keke a kan tudun Winnats

Ku yi haƙuri, na kwana biyu ban rubuto ba. Yaya, don Allah idan za ki karanta wa Hajiya wannan wasiƙa, ki fara gaya mata lafiyata ƙalau, sannan ki ci gaba.

Dalili kuwa shi ne, akwai abin da na ɓoye muku. Watanni huɗu da suka wuce na je asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi tafiya, likita ta auna ni ta ce jinina ya hau. Kun dai san abin da ya kwantar da Baba, Allah Ya jiƙansa, don haka ba sai na faɗa muku yadda gabana ya faɗi ba. Shekarata 36, yarana biyu, ga karatu ban gama ba. Ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri, in kuma riƙa motsa jiki. Ni da nake yini a laburare kamar an dasa ni, sai na je na sayi keke na hannu, na fara da zuwa makaranta.

Ranar Talatar da ta wuce na yi abin da tun bazara nake ɗagawa. Yamma da garin nan akwai yankin tsaunuka da ake kira Peak District, shi ne gandun ƙasa na farko da aka keɓe a Birtaniya, a 1951. Na zana wa kaina zagaye na kimanin kilomita 65, in fita ta Ringinglow in dawo ta nan. Uwargida ta ce, "Baban yara, wannan motsa jiki ne ko neman magana?" Duk da haka ta zuba mini dabino da ayaba a jaka, ta tabbatar na sa hular kwano.

Na fita bayan Asuba, gari na sanyi. Da ka bar gidajen ƙarshe sai ka shiga wata duniya: fili fetal, tumaki ko'ina ba makiyayi, ga katangun duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, suna raba gona da gona. Na gangara Hathersage kamar iska, har ina ce wa kaina ashe abin ba wuya. Daga nan na bar babbar hanya na bi ƙananan hanyoyin Thornhill da Aston. Faɗinsu bai wuce na mota ɗaya ba, in ka ji ƙarar tarakta sai ka raɓe jikin shinge ka ba ta wuri. Na yi tafiya mai nisa ban ji komai ba sai kukan tumaki da ƙarar sarƙar kekena.

Bayan ƙauyen Castleton na ga abin da na zo nema. Winnats wata siririyar hanya ce da ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, tsawonta bai kai kilomita biyu ba, amma allon da ke gindinta ya rubuta kashi 20 cikin 100. Ma'ana, a wurin da ya fi tsanani, duk mita biyar da ka ci gaba ka hau mita ɗaya sama. Da can babbar hanya ta gindin dutsen Mam Tor take bi, amma ƙasar wurin kullum tana zaftarewa, aka yi ta gyara har aka gaji aka rufe ta a 1979. Shi ya sa yanzu sai ta nan.

Na sa giya mafi sauƙi, na ce bismillah. Da farko ina ƙirga numfashi. Can sai tayar gaba ta fara ɗagawa, cinyoyina suka ɗau zafi kamar an zuba barkono, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Nan tsoro ya kama ni na gaske. Na tuna Baba a kan gado, na tuna yaran da na baro suna barci. Na cire ƙafa daga feda na sauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, rabin tudun nan tura keke na yi, tumaki na kallona.

Ina cikin turawa sai ga wani dattijo Bature, kansa fari fat, ya zo ya wuce ni a kan kekensa a hankali, ko haki ba ya yi sosai. Da na iso sama na same shi yana shan shayi daga fulas. Ya tsiyaya mini, ya ce shi ma ranar da ya fara hawa nan turawa ya yi, kuma kuskurena na fara da ƙarfi. Sai da ya kau da kai na lura da tambarin kekensa: Raleigh. Jama'a, irin na Baba! Wanda yake ɗaura wa buhun gyaɗa ya kai kasuwa, ni ina zaune a kan ƙarfen gaba, ba giya ba hular kwano. A Nottingham ake ƙera su a wancan zamani, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan ba, kafin a daina ƙera su a can a 2002. Na so in ba dattijon wannan labari, amma murya ta ƙi fita. Godiya kawai na yi masa.

Daga nan na bi ta kafaɗar Mam Tor, mai tsayin mita 517, na gangara kwarin Edale ina matse birki har yatsuna suka sage. A Edale akwai tashar jirgin ƙasa, rabin awa ka ga kanka a Sheffield. Na tsaya a bakinta na daɗe ina shawara da zuciyata. Daga baya na yi alwala a wani rafi mai sanyi kamar ƙanƙara, na yi Azahar a jikin katanga, na ci dabino, na hau kekena. Sannu ba ta hana zuwa. Hawan ƙarshe daga Hathersage na bi shawarar dattijo, na fara a hankali, ban sauka ba ko sau ɗaya. Na isa gida dab da La'asar, matakalar bene ma da rarrafe na hau ta.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ina shan magani kullum, na rage gishiri, awon da aka yi mini na baya-bayan nan ma likita ta ce an samu ci gaba. Ku kuma maza da kuka haura talatin, musamman mu 'yan gidan nan, don Allah ku je a auna jininku, ko a kyamis ne. Ni ban san ina ɗauke da shi ba sai da kai ya dame ni.

Wata tambaya kuma: keken Baba yana nan a zaure, ko an bayar? In yana nan a ajiye mini shi. Winnats kuwa akwai sauran magana tsakaninmu, zan koma kafin sanyi ya shigo in Allah Ya yarda.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku a kullum, daga Sheffield.